Maganar da Na Yi a Ƙarƙashin Tagar Pacita

"Sharaɗi ɗaya gare ni, Direk," na ce, na ture kwanon kunun shinkafata gefe. "Kuma ba na kuɗi ba ne."

Direk Maricar, daraktar fim, ta ɗago kai daga wayarta. Yarinya ce siririya, an aske mata gashi gefe guda, kullum cikin baƙar riga da ta ƙoɗe. Daga Manila ta zo garinmu na gindin dutsen Banahaw tana neman tsohon gidan katako mai bene, da dattijuwa mai fuskar da kyamara za ta so. Ta ga gidan Pacita, ta ga Pacita, suka kwanta mata a rai. Pacita kuwa da tsintsiya a hannu ta raka ta bakin ƙofa.

"Tatay Delfin, in ka ce ba kuɗi ba gabana faɗuwa yake. Faɗi in ji." Tatay, wato Baba, take kirana, Pacita kuma Nanay, wato Mama.

"Zan shawo miki kanta, ita da gidan. Amma tsohon nan na cikin labarinki, mai zuwa ƙarƙashin taga da yamma, ni zan fito a shi. Abin da zai faɗa daga bakina zai fito, ba daga takardarki ba. Kuma ranar da za ki tace fim ɗin, ba za ki yanke wurin ba."

Ta tsaya tana kallona, cokali a iska. Sai ta saki wata irin dariya.

"Au! Ashe haka ne, Tatay?"

"Ashe me? Sha kununki zai huce."

"Ba zan yanke ba. Na rantse." Ta miƙo hannu, muka tafa.

Masu karatu, kafin ku fara yi mini dariya kamar yadda ta yi, ku san wanda ke ba ku labari. Boko a aji huɗu muka rabu da shi. Na yi wanke-wanke a jirgin ruwan Girkawa, na sayar da agogon jabu a kasuwar Quiapo ta Manila, na yi dillancin zakarun faɗa. Yanzu da gwiwa ta fara ƙara, ni ne mutumin da 'yan fim masu ƙaramin aljihu suke nema in sun shigo yankinmu. Ni ke samo musu gida, ni ke lallashin shugaban unguwa, ni ke bin maƙwabta gida-gida ina roƙo a kife zakaru da kwando, a ba karnuka ƙashi, a kashe injin waƙa har a gama ɗauka. Ban taɓa zama ciniki na tashi a ƙasa ba. Amma magana ɗaya ta tsaya mini a wuya tun gashina yana baƙi.

Pacita ce. Tun muna samari nake son ta, ban faɗa ba. Na ce bari in hau jirgi in tara abin aure tukuna, in dawo in faɗa da ƙarfina. Na dawo na tarar abokina Ambo, kafinta, ya faɗa da bakinsa kawai, ba ko sisi, ta kuma amsa. Da suka haifi Renato ni suka ba riƙonsa ranar baftisma. Daga ranar ta zama Mare, na zama Pare, yadda uwar yaro da ubansa na baftisma ke kiran juna, aka rufe ƙofa da suna mai daraja. Ambo ya rasu bara waccan. Ta yi shekararta cikin baƙaƙen kaya. Ranar da ta cire su, bayan addu'a a coci, ta fito da wata riga rawaya mai ƙananan furanni da ta ɗinka da hannunta, ni kuwa na shiga bayan motar wani na ɓoye kamar ɓarawon kaza.

Ga kuma Renato, wanda yake aikin jinya a Kanada, ya matsa. Matarsa ta sake haihuwa, suna neman mai raino. A rukunin danginsu na waya, inda aka saka ni don ni ne ubansa na baftisma, kullum maganar ke nan.

"Inay, takardunki sun fito. Wa kike tsaro a wannan gidan? Gara?" in ji Renato ga uwarsa.

"Lola, jariri yana jiran ki," in ji matar, da hoton ɗan jariri cikin hular ulu. Lola kaka ce a wurinmu.

Har ni ya turo wa a gefe, da sunan da ake kiran uban baftisma: "Ninong, ka taya ni yi mata magana, tana jin taka." Na tura masa hoton babban yatsa. Me zan ce?

Na same ta a barandar ƙasa tana taka keken ɗinki, tabarau a kan hanci, allurai a baki. Gidan yana ƙamshin soyayyen busasshen kifi da man goge katako.

"In maganar 'yar askakken kan nan ce ta kawo ka, Pare, juya."

"Gaisuwa ma ba za a amsa ba, Mare?"

"Na amsa. Juya."

Na zauna a kan buhun shinkafa. "Matakalar nan Ambo ya sassaƙa ta da hannunsa. Tagogin nan shi ya gyara su ɗaya bayan ɗaya. In kin tafi ƙasar ƙanƙara, gara za ta cinye su. Amma in suna cikin fim, jikokinki za su gani."

Keken ya tsaya. Ta cire alluran daga bakinta a hankali.

"Wa ya ce maka zan tafi?"

"Renato."

"Renato ya ce. Ni ban ce ba." Ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe. "Mutum yakan zauna in akwai abin da ya riƙe shi."

Jama'a, ga ƙofa an buɗe mini har bango. Kun san abin da na ce? Na ce, "Ai kuwa kajinki za su yi kuka." Ta yi tsaki, ta ci gaba da taka kekenta. Sai can ta ce in gaya wa yarinyar su cire takalma kafin su hau mata bene.

A raina na ce ba komai. Na riga na shirya inda zan faɗa. Wanda ya yi shiru tsawon wannan zamani ba a kan buhun shinkafa zai buɗe baki ba. A allon majigi zan faɗa, fuskata kamar girman gida, a gaban mutanen Manila, ta ji da kunnenta a cikin lasifika.

Suka zo su kaɗan, da kyamara ɗaya ta aro, da fitila biyu, suna kwana a ƙasan gidan kan tabarmi. Pacita ta ce ba za ta dafa musu ko ruwa ba, kwana biyu sai ga ta tana bin mai kyamara da faranti tana faɗan ya rame. Ni kuma na tsare aikina. Ba zakaran da ya yi cara a unguwar nan sai da iznina.

Fitowata aka bari ta ƙarshe, da yammacin ranar da za su tattara. Ba su da fitilun da za su haska waje, don haka sai a ɗan tsakanin nan da rana ta yi ja kafin ta faɗi. Ranar, maimakon in zaga maƙwabta kamar kullum, na tafi wurin wanzami. Na sa ya rina mini gashi. Na tsaya karɓo aron farar rigar barong mai warin akwati, na tsaya guga, na tsaya neman turare. Ban taka gidan Berting ba, maƙwabcin Pacita na baya. Ban san ranar ce ake bikin cikar 'yarsa shekara sha takwas ba.

Mai sauti ya maƙala mini ɗan makirufo a ƙirji, ƙarƙashin riga. Direk ta kai kyamara can tsallaken hanya, bayan bishiyar mangwaro, don su irin nasu fim ɗin daga nesa suke son kallon mutum.

"Yi magana a hankali, Tatay. Kar ka ɗaga murya, abin ƙirjinka yana jin har numfashi. Nanay Pacita, ke kallon sa kawai za ki yi."

Aka ture tagar bene. Ta leƙo cikin rigar nan rawaya, rana ta zuba a fuskarta. Na buɗe baki ke nan sai injin waƙar Berting ya fashe, wani bugagge ya kama waƙar soyayya kamar ana yanka akuya. Na ga mai sauti ya dafe kai. Na ga Direk ta dubi rana, ta kaɗa mini hannu in ci gaba.

Na ci gaba. Na ce, "Pacita. Ba Mare ba, Pacita. Duk tashar da jirginmu ya tsaya sai na saya miki ɗankwali, suna nan a akwatina har yau, ban ba ki ko ɗaya ba. Ban taɓa yi wa Ambo fatan sharri ba, Allah shaida, na ɗauki gawarsa ina kuka na gaske. Amma yanzu ba shi. Ba ni da komai sai ɗaki ɗaya da baki mai yawa. Kar ki tafi. Ki bar ni in riƙa gyara miki tagogin nan har in mutu."

Tana can sama tana kallon leɓena. Ban da ihun injin Berting ba abin da ya kai kunnenta. Rana ta faɗi, Direk ta ce an gama, yaran suka tafa.

"Me kake ta ɓaɓatu a ƙasa, Pare?" ta tambaye ni tana saukowa.

"Za ki ji a Manila."

Watanni suka wuce. Fim ɗin ya samu shiga bikin fina-finan masu zaman kansu na watan Agusta. Nakan tura wa Direk saƙo: "Wurin nan yana nan?" Ta amsa: "Yana nan, Tatay. Ban yanke ba." Sai in kwanta da murmushi kamar wawa. Renato kuma ya yanke shawarar zuwa da kansa, ya kalli uwarsa a majigi, ya wuce da ita. Ya saya mata jibgegiyar rigar sanyi ja, ta rataye ta a bayan ƙofa da ledarta, ba ta ko gwada ba.

Muka isa Manila cikin ruwan sama. Layi ya miƙe har waje, yara 'yan jami'a da jakunkunan yadi da lema, suna musun fina-finan da suka kalla tun safe. Renato ya kama hannuna ya kai goshinsa.

"Ninong, ka zama tauraro! Wannan gashin fa? Da kwalta aka shafe shi?"

"Uwarka ta fi ni, je ka tsokane ta."

Pacita ta sa rigar rawaya, ta yafa ɗan mayafi don sanyin zauren. Aka zaunar da mu a jere: Renato, ita, ni. Aka kashe fitila. Da matakalar Ambo ta fito sai na ji ta ja numfashi. Ni ban san me ya faru a fim ɗin ba, wallahi, zuciyata kawai nake ji tana dukan barong.

Sai ga ni. Ɗan ƙaramin tsoho fari a gindin babban gida, rana ja a bayansa. Taga ta buɗe. Na riƙe hannun kujera. Tsohon ya ɗaga kai, bakinsa ya fara motsi.

Kwaɗi. Kukan kwaɗi da iska a cikin ganyen mangwaro. Shi ke nan.

Bakina yana ta motsi, hannuna yana dafe da ƙirji, ba ko kalma ɗaya. Na ɗauka lasifika ce ta lalace, na waiga baya. Ba wanda ya motsa. Wata mata a bayana tana jan hanci. Aka bar ni a allon nan ina ta magana kamar kifi a cikin kwalba, har rana ta faɗi.

Da aka kunna fitila zauren ya miƙe tsaye da tafi. Aka kira mu gaba don tambayoyi. Pacita ta ƙi tashi, ta ce ƙafarta. Na tsaya kusa da Direk, na matse mata gwiwar hannu ina murmushi ga jama'a.

"Ina muryata?"

"Tatay, injin waƙar nan ya cinye komai," ta raɗa mini. "Mun yi iya yi. Sai na gwada shi a shiru, na ga ya fi kyau. Dubi mutane."

"Kin rantse."

"Na ce ba zan yanke ba. Na yanke?"

Ni, Delfin, da na sayar wa ɗan sanda agogon da ba ya tafiya, yarinya ta kayar da ni a cinikina. Kuma laifin nawa ne, don kashe injin Berting aikina ne.

Sai wata ɗaliba mai tabarau ta miƙe a tsakiyar zaure. "Tambayata ga Lolo, kakanmu, ce. Don Allah, me kake ce mata a wurin tagar nan?"

Aka sa mini makirufo a hannu. Mai aiki, mai ƙara, wanda ba Berting a bayansa. Zaure ya yi tsit. Na hango rigar rawaya a layi na uku. Ta cire tabarau, ta gyara zama, ta ɗan karkato da kunnenta na dama, wanda ya fi ji. Renato ya ɗaga waya yana ɗauka, yana washe baki, hannunsa ɗaya a kafaɗar uwarsa. Yaron da na riƙe a gaban limamin coci, mai fuskar Ambo sak.

Maganar ta hau har maƙogwarona. Na ji ta. Sai tsohon bakin nan nawa na dillali, wanda ya ciyar da ni ya fitar da ni daga kowane rami, ya riga ni.

"Cewa nake ta ɗaure kajinta, sun gama mini da barkono."

Zauren ya fashe da dariya. Har Turawan alƙalai, da aka fassara musu, suka riƙe ciki. Direk ta rungume ni. A layi na uku mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Ta mayar da tabaraunta, ta buɗe jaka, ta rufe.

A waje ruwa bai tsaya ba. Renato ya tafi neman mota, ya bar mu a kan matakala ƙarƙashin lema ɗaya. 'Yan mata suna zuwa neman hoto da ita, ta yi musu murmushi har suka watse.

"Mare, sautin ne ya..."

"Delfin." Rabon da ta kira sunana tsirara tun kafin aurenta. "Kana ganin ni makauniya ce? Ina sama ina kallon fuskarka ranar. Ba na bukatar lasifika."

"To kin sani."

"Na sani tun kafin ka hau jirgi. Har Ambo ya sani, Allah ya ji ƙansa, yakan ce a ƙara maka nama don tausayi." Ta gyara mayafinta. "Sani daban, a faɗa wa mace daban. Na buɗe maka ƙofa a baranda, ka ce kaji. Na ce to, yana jiran Manila. Yau da safe Renato ya tsare ni a masauki, na ce ya bar ni sai an tashi daga kallo. Aka ba ka abin magana a hannu, ɗana yana zaune, duniya tana ji. Da ka faɗa, da na juya na ce masa ya gaida jariri."

"Zan faɗa yanzu. Pacita, ni..."

"Na riga na ba shi amsa. Kana can kana ɗaukar hoto da Turawa." Ta gyara riƙon lema. "Ya kira matarsa, yara suna ta ihu a waya. Ba na janye magana, ka san ni. Kai a gaban kyamara kawai kake da zuciya, ni kuma ba fim ba ce."

Mota ta tsaya. Renato ya leƙo yana dariya. "Inay! Ninong mai barkono! Ku shigo!"

Ranar rufe biki aka kira sunana, wai gwarzon mai taimaka wa jarumi. Suka ce ba su taɓa ganin shirun da ya yi magana haka ba. Aka ba ni wani ƙarfe mai nauyi. Kujerarta ba kowa, tana gida tana ɗaure kaya.

Ni na raka su filin jirgi, na tura keken akwatuna. Ta sa jar rigar sanyin nan a cikin zafin Manila don ba ta shiga jaka, ta koma kamar yarinyar da aka sa wa kayan yayarta. A bakin ƙofar shiga ta damƙa mini makulli.

"Ka riƙa buɗe tagogi in rana ta fito, Pare. Katako ba ya son a rufe shi."

Pare. Ta mayar da ni inda nake.

Kowace safiya nakan hau matakalar Ambo in ture tagar bene. Daga nan ana ganin daidai inda na tsaya ranar, ciyawa ta rufe wurin. Na kawo akwatin ɗankwalayen na ajiye a ɗakinta, ban san dalili ba. Shekaranjiya ina tsaye a tagar wayata ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Kanada, da hotonta cikin rigar rawaya a gefe, mai tsawo. Na sa yatsa a kai na ɗauke. Har yanzu da nake ba ku labarin nan ban buɗe ba. Tsoro nake in ji ta ce in duba mata kaji. Na fi jin tsoron kuma in buɗe in ji shiru.

Ni dillali ne, ba na tashi daga ciniki ban faɗi yadda ya kaya ba. Direk Maricar ta ci riba: fim ɗinta yana yawo a ƙasashen Turai, ta turo mini hotonta cikin dusar ƙanƙara. Renato ya ci riba, ya samu mai raino da ba ta gajiya. Berting ma ya ci, yana gaya wa mutane da shi aka yi fim. Asarar kuwa mu biyu muka raba ta, ni da Pacita. Ita aƙalla tana da jika a cinya. Ni ƙarfe aka ba ni, don na iya yin shiru, kuma da shi nake tokare tagarta kar iska ta rufe.